Rabin Tumbi da Ƙwaryar Zuma

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama aka yanke wa Babanmu rabin tumbi a Kaduna. Ina riƙe da shekarar ne saboda direban lorin da ya kai mu, wanda tun daga Birnin Gwari har muka shiga gari yake tsaki, wai gwamnati ta juya masa hanya kamar waina. Ni a lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, aurena ya mutu, na dawo gida da akwatina da bakina. Innarmu ta daɗe da rasuwa, Baba kuma bai sake aure ba, saboda haka tukunyar gidan a hannuna take.

Gara in faɗi halina tun yanzu, kada wani ya riga ni. Ni mace ce mai zargi. Ko ƙosai aka miƙo mini sai na ɓare shi na leƙa cikinsa. Ga saurin hawa. In raina ya ɓaci, bakina yakan riga hankalina fita ƙofa. Mijina ya yi haƙuri da wannan hali shekara huɗu, sannan ya ce ya gaji.

Kafin aikin, Baba ƙato ne na gaske. Hatsi yake sayarwa a kasuwa, in ya zauna tsakanin buhunan dawa da gero sai baƙo ya duba sau biyu kafin ya gane wanne ne mai kayan. Mutane suna ɗaukar tumbin nan shaidar arziki, shi ma yana ji da shi, yakan shafa shi in ciniki ya faɗa. Ba wanda ya san gyambo ne yake cin sa ta ciki. Shekara da shekaru yana jiƙa jar kanwa yana sha, yana cewa ƙwannafi ne kawai. Sai ranar da ya yi aman jini a bakin rumfarsa, aka kinkimo shi mutum huɗu, washegari muka hau lori.

Ya yi wata guda da 'yan kwanaki a asibiti. Ranar da za a sallame shi likita ya zo zai yi masa bayani, sai Baba ya ce in je in samo masa ruwan alwala. Da na dawo na tambaye shi me aka ce, ya ce, "An ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Murnar za mu koma gida ta sa ban ƙara tambaya ba.

Cikin wata uku Baba ya zube. Babbar rigarsa ta koma kamar an shanya ta a kan danga, fatar damtsensa tana reto, wuyansa ya fito dogo. Abokan kasuwarsa da ba su da kara sukan ce, "Malam, ina ka baro sauran?" Shi kuma ya ce ya bar wa likita ajiya. Wani malamin firamare da ya zo gaisuwa har da ba mu labari cewa a ƙasar Turawa masu ƙiba da ƙafarsu suke zuwa a rage musu ciki don su rame. Na ce to Allah ya ba su lafiyar kai. Mu da muke neman yadda za mu mayar wa namu da ko rabin jikinsa, ban ga abin dariya a zancen ba.

Ramar ma da sauƙi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani ciwo da ban taɓa ganin irinsa ba. Yakan zo ne bayan ya ci abinci, kafin ma in gama wanke kwanuka. Sai gumi ya karyo masa ya jiƙe sharkaf, zuciyarsa ta riƙa bugawa har ana ganin riga tana motsi, cikinsa ya hau ƙugi, jiri ya ɗebe shi. Ya dafa bango ya nufi bayan gida, zawo kamar an ɓalle bakin randa. Ya dawo ya zube a tabarma, leɓɓansa fari fat. In na ce alhamdu lillahi ya wuce, bayan awa ɗaya ko biyu sai na biyu ya biyo: hannu ya kama rawa, idanu su juya, magana ta rikice. Wata rana a wannan hali ya dube ni ya kira ni da sunan Innarmu. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, don na ga kamar mutuwa ce ta fara kiransa da muryar matarsa.

Daga nan na shiga zargi, ban bar kowa ba. Na fara da likita: na ce almakashi ya manta a ciki. Na kai Baba wajen malamin asibitin garinmu, ya latsa cikin ya ce ɗinki lafiya lau, ya ba mu wani farin ruwa a kwalba, bai yi komai ba. Na koma kan rijiyarmu, na sa aka yashe ta. Na koma kan maƙwabcin rumfar Baba, wanda ciniki ya koma wajensa tun da Baba ya kwanta. Duk goron da ya aiko, a masai yake ƙarewa. Har daddawar Gwaggo na daina sawa a miya. Gwaggo ƙanwar Baba ce, gidanta yana bayan namu, kullum tana shigowa da safe. Da ta gane, ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, ni kuwa ko a jikina.

Sai na ɗauki gawayi. Duk ranar da ciwon ya zo, na ja zane a bangon madafa. In ya zo da sauƙi gajeren zane, in ya zo da ƙarfi dogo. Gajerun a warwatse suke, yau fura, gobe kunu in ya sha da yawa. Dogayen kuwa, da na tsaya na dube su bayan wata biyu, sai na ga a jere suke reras, tsakanin kowanne da ɗan'uwansa kwana bakwai. Duk ran kasuwa ne. Baba kuma ya daina zuwa kasuwa. Abu ɗaya ne yake shigowa gidanmu ran kasuwa wanda bai bi ta tukunyata ba.

Akwai wani dattijo, mutumin Gbagyi, Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Randagi. Baba mai zuma muke ce masa. Amyar ƙudan zuma yake ɗaurawa a kan itatuwan daji, ran kasuwa ya ɗauko zuma a goruna ya tako tun asubahi, ya zauna a gindin tsamiyar da ke kusa da 'yan daddawa. Duk garin an san zumarsa, ba ya haɗa ta da ruwa. Amininsa a duniya shi ne Babanmu. Tun Baba yana saurayi, yana bin ƙauyuka da jaki yana sayen hatsi, maciji ya sare shi a hanyar daji. Wannan mutumin ne ya tsince shi, ya goya shi zuwa gidansu, suka yi jinyarsa kusan wata guda. Daga nan suka ƙulla amana. Ni na tashi na gan shi a zaurenmu kamar yadda na ga dakalin zauren. Shi ya fara ɗora ni a kan jaki.

Amanar tasu tana da ƙa'ida, kuma duk wanda ya san irin wannan amana a wajenmu ya san ta. Kafin ya buɗe ciniki sai ya biyo ta gidanmu da 'yar ƙwarya, cikinta zuma da saƙarta, mafi kyau a cikin abin da ya samo. Ya zauna, ya ɓalli saƙar ya fara kaiwa bakinsa, sannan ya ɓalli na biyu ya miƙa wa Baba da hannunsa. Abin da amini ya miƙo maka da hannu ba ka ajiye shi, ba ka cewa sai an jima. Ka ajiye, to ka ajiye amanar ke nan. Haka suke yi, wannan ya ɓalla wancan ya ɓalla, suna hirar damina, har ƙwarya ta ƙare.

Na fara laɓewa a bayan asabarin zaure ina kallo. Ran kasuwar farko na ga abin da ban taɓa gani ba. Tsohon bai ci ba. Ya ɓalli saƙa ya miƙa wa Baba kai tsaye. Baba ya ce, "Kai fa, aboki?" Ya ce, "A'a, ni ina lafiya. Kai ne mai miki a ciki, zuma shi ne maganin miki. Ka cinye duka." Ya zauna ya zuba masa ido har ya shanye ƙwaryar, sannan ya tashi yana murmushi ya tafi kasuwa. Kafin ya kai gindin tsamiya, Baba yana dafa bango.

Na jira mako na gaba. Haka aka yi. Na uku ma haka. Shekara talatin mutum yana fara ci, sai yanzu da amininsa ya kwanta ya ga ya ƙoshi?

Na kai wa Gwaggo maganar, don mun shirya. Ta kama haɓa ta ce, "Ke, rufa mana asiri." Amma idonta ya nuna ta ɗauka. Ita ce ma ta tuna mini da gonar Baba ta bakin daji, mai manyan ɗorawa, inda tsohon yake ɗaura amya kusan ashirin. Ta ce, "In Yaya ya faɗi, wa zai je can ya ce masa sauke? Ke?" Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba, amma da ta faɗa sai ya zauna daram.

Don kada a ce na yi gaggawa, na gwada. Na kankare abin da ya rage a ƙwaryar na cuɗa da dusa na ba kaza. Kaza ta cinye, ta yi ƙwai washegari. Na lasa da kaina, ban ji komai ba sai daɗi. Wani mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa sai na ce ai dama sammu da sunan mutum ake yin sa, ba ya kama kaza, ba ya kama 'ya. Rashin shaidar ma ya zama mini shaida.

Na gwada yi wa Baba zancen a kaikaice. Na ce, "Baba, zumar nan ko za a dakata da ita?" Ya ɗago ya dube ni wani iri, ya ce, "Uwata, ki kula da tukunyarki, ki bar mini zaurena." Na ce a raina, shi ke nan, an gama da shi, har bakinsa an ɗaure.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar bazara, zuma ta yi kyau, ƙwaryar da ya kawo ta fi ta kullum girma. Bayan tafiyarsa Baba bai ma kai bayan gida ba. A tsakar gida ya yanke jiki ya faɗi, ya ɓata wandonsa. Mutumin da ko hularsa bai yarda ta karkace a gabana ba, ni na wanke shi. Yana ta kau da fuska yana cewa, "Yi haƙuri, Uwata." Da na kwantar da shi na ga numfashinsa ya daidaita, na bar Gwaggo a kansa. Na ɗauki ƙwaryar, da sauran zuma a ciki don ranar bai iya cinyewa ba, na yafa gyale na nufi kasuwa.

Kasuwa ta cika maƙil, rana tana tsaka. Yana zaune a gindin tsamiya, mata uku suna tsugune suna taya zuma. Ya hango ni ya washe baki ya ce, "'Yata, lafiya? Yaya jikin aboki?"

Na dangwarar da ƙwaryar a gabansa. Na ce, "Ci."

Ya dube ni, ya dubi ƙwaryar.

Na ɗaga murya yadda har 'yan daddawa da mahauta za su ji. Na ce, "Ci mana, in ka isa! Kullum sai ka ba ubana kai ka ƙi ci. Duk ranar da ka shigo gidanmu sai ya kusa mutuwa. Me ka sa a ciki? Gonar kake so? Ka ɗauka, ka bar mana shi da ransa!"

Kasuwa ta yi tsit daga wannan gefen. Matan nan uku suka miƙe a hankali, ɗaya tana goge yatsan da ta lasa a zaninta. Tsohon ya jawo ƙwaryar, ya sa hannu, ya ci saƙar nan loma-loma har ya ƙare, ya tofar da kakin, ya suɗe ƙwaryar da yatsa, ya miƙo mini ita da hannu biyu. Ya ce, "Bana zuma kaɗan ne. Na ce in bar masa nawa." Sannan ya hau ɗaure gorunansa, ko rabi bai sayar ba.

Na ji maganar, amma ban bar ta ta shiga ba. Na dawo gida ƙirjina a buɗe, ina jin na yi abin da ɗa namiji zai yi.

Bai sake zuwa gidanmu ba. Ya zo kasuwa sau biyu bayan nan, aka ce mini haka ya zauna har la'asar ba wanda ya tsuguna a gabansa. Ba wanda ya riƙe cewa ya cinye ƙwaryar a gaban jama'a. Abin da na faɗa aka riƙe. Daga nan gindin tsamiya ya zama wajen mai sayar da igiya.

Ga kuma abin da ya ƙara ɗaure maganar: Baba ya fara samun sauƙi. Dogayen zanen nan suka tsaya cak. Yana cin ɗan tuwonsa, da ƙwai, da wake, da ɗan nama in an samu, sau biyar ko shida a rana. Kumatunsa suka ɗan ciko. Mata suna shigowa suna sa mini albarka, suna cewa Allah ne ya dawo da ni gidan nan don in ceci ubana. Ni kuma ina sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali daɗi nake ji har cikin raina.

Baba kaɗai ne bai sani ba. Duk unguwa aka haɗa baki aka ɓoye masa. Ran kasuwa yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a zaure tun da hantsi, ya zauna yana kallon ƙofa. Ya ce, "Uwata, aboki shiru." In ce ai damina ta sauka, rafi ya cika. Mako na gaba in ce an ce ƙafa ke damunsa. Na yi ƙarya iri-iri har wata uku, kuma ban ji nauyinta ba, don a ganina magani nake ba shi.

Mu a gidanmu ba a san sukari ba. Kununmu na tsamiya ne, furarmu da nono kawai. Sukari na ma'aikata ne masu shan shayi. To ana gab da kaka wata 'yar Gwaggo ta zo daga Kaduna ta kawo mini kwalin sukari mai ƙwaya. Na ce bari in yi wa Baba gata. Na dama kunun gyaɗa mai kauri, da hannuna na jiƙa gyaɗar, da hannuna na niƙa, ruwan daga rijiyar da na sa aka yashe. Na jefa ƙwaya shida a kofinsa, na juya. Ya kurɓa ya ɗan yi jim, sai ya ga yadda na tsaya a kansa ina murna, ya ɗaga kofin ya shanye.

Ban kai ga ɗauraye ludayi ba na ji ya kira ni. Gumin nan ne, bugun nan ne, ƙugin nan ne, babu abin da ya ragu. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallonsa yana dafa bango, na nemi wanda zan zarga na rasa. Ba wanda ya shigo gidan ranar.

Da ya lafa, yana kwance ido rufe, ya ce, "Sukari kika sa, ko?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Likita ya hana ni zaƙi. Ya ce tumbin da ya rage ƙarami ne, ba ya riƙe abu. Zaƙi in ya shiga, zarcewa yake yi hanji gaba ɗaya, shi ne yake kayar da ni. Ya ce ko ruwa kada in sha tare da abinci."

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Zuma fa?"

"Ita ya fara ambata."

"Baba, kuma kake sha? Kana sane?"

Ya buɗe ido. Ya ce, "Mutum ya hau itace, ƙudan zuma sun harbe shi, ya tako tun daga Randagi da tsufansa, ya miƙo mini da hannunsa yana cewa magani ne. In ce masa me? Da na gaya miki, ke da na san bakinki, da tuni kin tare shi a ƙofa. Na ce yini ɗaya ne a mako, zan iya."

A nan na gaya masa. Ban rage komai ba: ƙwaryar, da kasuwa, da gonar, da ƙaryar rafi. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga hannu, ko ya ce in koma inda na fito. Bai yi ko ɗaya ba. Ya juya fuskarsa bango, ya daɗe. Sannan ya ce, "Gobe ki nemo jaki."

Na ce jikinsa ba zai ɗauki hanyar ba. Ya ce bai tambaye ni ba.

Muka kama hanya da sassafe, shi a kan jaki ni ina ja. Na dafa ƙwai da wake na ƙulle a ganye, muna tsayawa a inuwa ya ci loma uku mu wuce. Ciyawa ta fi mutum tsawo, rafukan ma na gaske sun cika, sau biyu na tattare zani na ja jakin muka haye. Tun daga gida har can bai yi mini magana ba, sai in zai ce tsaya ko mu je. Bayan la'asar muka isa.

Muka tarar da tsohon a ƙofar gidansa yana gyaran fartanya. A gefen rumbu ga amya nan jibge, waɗanda ya sauko da su daga gonar Baba, duka. Ya miƙe ya riƙe Baba ya sauko da shi, ya sa aka kawo tabarma da ruwa. Ni na durƙusa nesa, na ce wa tsohon, "Baba, na zo ne ka yafe mini." Ya ce, "Tashi, 'yata. Tsoro ne. Ubanki ne." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Baba ya yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga abin da likita ya faɗa. Tsohon yana saurare yana juya ƙotar fartanya. Da Baba ya gama, sai na ga fuskarsa ta canza, irin canjin da ban gani ba ko a ranar kasuwa. Ya ce, "To, aboki. Yarinya bai sani ba. Kai ka sani. Ni ina zuwa da murna, ina ba ka abin da yake kashe ka, kana karɓa kana godiya. Shekara talatin. Ka ga ni mutum ne da ba a gaya masa gaskiya?"

Baba ya ce, "Kunyarka na ji."

Tsohon ya ce, "Kunyan nan ya yi mini tsada."

Daga baya matarsa ta kawo doya da ƙwai, suka ci a kwano ɗaya, suka koma hirar kaka. Amanarsu ba ta mutu ba. Yakan zo duba Baba, amma ba ran kasuwa ba, kuma hannunsa da ƙwan zabi.

Saura kasuwa. Na ɗauka abin da baki ya ɓata baki zai gyara. Ran kasuwa na gaba na je na tsaya a gindin tsamiyar nan na faɗa da ƙarfi cewa ƙarya na yi, ciwon Baba daga aikin asibiti ne, ko sukari ya sha haka yake yi. Mai igiya ya ce in matsa ina tare masa kaya. Na bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, duk matar da ta taɓa sa mini albarka sai da na zauna a tabarmarta na warware mata. Su ce, "Allah sarki, haka ne." Ina juya baya su ce an je Randagi an dawo, an wanke wa yarinya kai. Wasu suka ce Baba ne ya tilasta ni don ya rufa wa amininsa asiri. Har Gwaggo, da ta ga kunun sukarin da idonta, sai ta ce, "To, amma dai tun da ya daina zuwa Yaya ya tashi." Duk hanyar da na bi da gwajin kazata, ita suka bi da ni. Na yi faɗa da mata biyar a kan wannan magana, ɗaya har da kokawa, ban ciro ko mutum ɗaya ba.

Tsohon bai sake zama a kasuwarmu ba. Ya koma kai zumarsa can wajen Dogon Dawa, tafiyar da ta ninka ta da, da ƙafafun mutum mai shekara sittin da wani abu. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ko sau ɗaya.

Baba ya ƙara shekara tara a duniya, siriri, mai ci kaɗan-kaɗan, kuma ba cikin ne ya kashe shi ba, ciwon haƙarƙari ne a wata damina. Aka aika Randagi. Washegari da hantsi tsohon ya iso, ya sunkuya, yana dogara sanda. Ya gaisa da maza a waje, sannan ya nemi a yi masa iso ya yi mini ta'aziyya. Ya tsaya a bakin zaure ta ciki, ya cire hularsa, hawaye yana bin gemunsa. Tsakar gida cike da mata.

A bayana na ji wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ga shi nan. A hankali ya ci shi, shekara tara."

Ta kusa da ita, wata yarinya da aka auro unguwar bayan an yi abin, ta ce, "Kai, anya kuwa?"

Ta farkon ta ce, "Ai ba ji-ta-ji-ta ba ce. 'Yarsa ce da bakinta ta faɗa a kasuwa."

Na yunƙura zan juya, Gwaggo ta danne mini gwiwa ta ce, "Ke, makoki ake yi." Na dubi tsohon. Ya ji, tsakar gidanmu ba ta da girman da ba zai ji ba. Ya ƙarasa gaisuwarsa bai rage kalma ba, ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya ce in na rasa hatsi in aika. Sannan ya mayar da hularsa, matan da ke kusa da ƙofa suka janye yaransu daga hanyarsa, ya fita.